Kwana Bakwai a Ɗakin Zaure

Saƙon ya shigo ranar Alhamis da hantsi, ina zaune tsakar gida ina kwance jaka, yara sun kewaye ni kowa na jiran tsarabarshi. Daren Laraba na iso Katsina, gajiyar hanya ma ba ta sake ni ba. Da na ga lambar Madagaska na ɗauka maganar ciniki ce, sai na danna na kara a kunne ina ci gaba da lalube cikin jaka.

Muryar abokin sana'ata ce, wani mutumin Maraɗi da ya shekara goma sha a Antananarivo, babban birnin Madagaska, shi ne tafintana kuma mai masaukina a can. Ya ce: "Alhaji, ka sauka lafiya? To natsu ka ji. Dillalin nan da muka zauna da shi ranar Litinin, mai tomalin ɗin Antsirabe, tun Talata yana kwance asibiti. Sun ce annobar nan ce ta ɗa'un, kuma ta huhu. Ma'aikatan lafiya sun zo sun rubuta duk wanda ya zauna da shi, ni har sun ba ni magani. Na faɗa masu akwai baƙo ɗan Najeriya da ya riga ya tashi. Sun ce ka nemi likita yau ɗin nan, kada ka bari ya kwana."

Ƙaramar ɗiyata, mai shekara huɗu, tana kan cinyata a lokacin. Na ɗaga ta na ajiye ƙasa ba tare da na ce mata komai ba, ta kuwa fashe da kuka.

Sana'ata cinikin duwatsu masu daraja ce. Na fara da na gida, tomalin da akwamarin na wajen Nasarawa, daga baya safaya ta Mambila, har ido ya buɗe na fara leƙa waje. Duk wanda ke wannan harka ya san Madagaska, babban tsibirin nan da ke gabas da Mozambik, musamman tun da aka gano safaya a Ilakaka a 1998. Tafiyata ta uku ke nan, a ƙarshen Satumbar 2017. Ba zan yi ƙarya ba, na ji ƙishin-ƙishin ɗin annoba a rediyo kafin in tashi. Amma tikiti na hannu, kuɗin mutane na hannu, kuma mai masaukina ya ce abin shekara-shekara ne, duk lokacin da damunarsu ta gabato sai an yi, a ƙauyukan kan tudu, mutum ɗari huɗu ko makamancin haka a shekara. Gaskiya ya faɗa, haka aka saba. Abin da shi da ni ba mu gane ba shi ne ta wannan shekarar ta baro ƙauye ta shigo birni, kuma ta canza hanya.

Su can *pesta* suke ce mata. Mu kuwa mun san ta a karatu da sunan ɗa'un, sai dai yawancinmu mun ɗauka ta tafi da mutanen da. Sati na biyu da saukata gari ya sauya. Aka rufe makarantu, gwamnati ta hana taruwar jama'a a babban birnin, ka ga layi a ƙofar kowane kyamis ana neman takunkumi da ƙwayoyin magani. Ni ma na sayi takunkumi. Yana cikin aljihu ranar Litinin ɗin nan, don ba a duba dutse da takunkumi a fuska, tururin numfashi na rufe madubi.

Wanda bai taɓa sayen ɗanyen dutse ba ba zai gane kusancin da ke ciki ba. Ɗaki ne ƙarami, an ja labule don a ji daɗin haska tocila. A zube duwatsu kan farar takarda, kai da dillali ku haɗa kai kamar masu cin tuwo a ƙwarya ɗaya. Ya ɗauki dutse ya jiƙa shi, ya huro mashi iska, ya miƙo maka, ka kara a ido. Mun fi awa biyu a haka. Yana ta tari, yana share zufa, yana cewa sanyin motar dare ne ya kama shi daga Antsirabe. Na ma tausaya mashi, na sa aka kawo mashi shayi.

Washegari a filin jirgin Ivato an auna zafin jikina, an ba ni fom na cika. Akwai tambayar ko ka kusanci wanda ke da cutar, na sa a'a. A iya sanina gaskiya na rubuta, amma tarin mutumin nan ya faɗo mani a rai a daidai lokacin, na kuma kawar da shi da gangan. Aka buga mani tambari na wuce. Na bi ta Addis Ababa, na sauka Kano, aka duba katin rigakafin shawara, aka sake auna ni, lafiya lau. Ba laifin kowa ba ne. Na'urar auna zafi zafi kawai take gani, cutar kuwa tana iya kwanciya a jiki daga kwana ɗaya zuwa bakwai ba ta motsa ba. Daga nan na shiga motar haya, mu shida, ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya har gida.

Abu na farko da ya zo mani bayan na gama jin saƙon shi ne in aiki yaro kyamis ya sawo mani maganin, in sha abina shiru. Mai masaukina ya ma turo mani hoton kwalin. Na tuna lokacin Ebola a 2014, yadda muka riƙa ganin mutane cikin fararen kaya kamar 'yan sama jannati a talabijin, na hango irin motar nan a ƙofar gidana a cikin lungunmu na bayan Ƙofar Ƙaura, inda ko baƙuwar akuya ta shigo sai an san mai ita. Na ce wa uwargida ta shiga da yara ɗaki, na kira yayanta, wanda ma'aikacin lafiya ne da ya kusa ritaya. Na karanta mashi komai, na ƙare da roƙon ya rubuta mani maganin kawai.

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce: "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maganin ba wuya, ko yanzu sai in kawo maka. Amma in zazzaɓi ya tashi maka ƙarfe biyun dare, wa ya san abin da ke jikinka? Za a kai ka asibiti a ce maleriya ce, a yi maka allurar maleriya, a kwantar da kai cikin mutane. Ita wannan ta huhu, in aka wuce kwana guda da fara alamu ba a soma maganinta na ainihi ba, da wuya a tashi. Bari in kira wanda aikinshi ke nan."

Ban taɓa sanin akwai mai irin wannan aikin ba. Ashe kowace ƙaramar hukuma, a cikin 34 ɗin da muke da su a jihar nan, tana da jami'in sa ido kan cututtuka. Shi ne ke bin labarin yaron da ƙafarshi ta shanye farat ɗaya ko shan inna ce, shi ke ƙirga masu ƙyanda da amai da gudawa. A bazarar 2017 ɗin ma, da sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da nan wajenmu, su ne suka yi ta zirga-zirga a ƙauyuka. Ina jiran motar fararen kaya, sai ga mutum ɗaya a kan babur bayan azahar, da jaka rataye a kafaɗa da hula zanna ta sha rana. Ya yi sallama kamar wanda ya zo ɗaurin aure. A cikin zaure ya sa takunkumi, ya miƙo mani ɗaya, ya shimfiɗa tabarmarshi nesa da tawa kamar taku uku.

Ya faɗa mani tun farko cewa shekararshi goma sha biyu a aikin bai taɓa ganin mai ɗa'un ba, sai a littafi. Wannan magana ta fi kwantar mani da hankali fiye da in da ya zo yana cika baki. Ya buɗe littafin nasu inda aka rubuta alamun kowace cuta, ya kira wani likita a ofishinsu na jiha ya sa wayar a fili, suka shiga yi mani tambayoyi su biyu.

Tambayoyin sun fi na alƙali yawa. Wace rana, ƙarfe nawa, ɗakin yana da taga, tazarar da ke tsakaninmu ta kai kamu nawa, tarin busasshe ne ko da kaki, na ga jini a ciki? Na kwana a ƙasa ko a gado, akwai ɓeraye a masaukin, na ga mushen ɓera, wani abu ya cije ni a ƙafa? Na je jana'iza? Sa'an nan lambar jirgi da lambar kujera, tashar da na hau mota a Kano, kalar motar, wa ya zauna gefena, wa na rungume da na iso. Ya rubuta matata da yara huɗu da ƙanena da ya ɗauko ni daga tasha da almajirin gidanmu. Ganin sunayensu jere a kan takardar hukuma, a rubutun wani, ya fi saƙon safe tayar mani da hankali.

Da na tambaya ko su ma za a ba su magani, likitan ya ce a'a, ya kuma yi mani bayanin da har yau nake maimaita wa abokan tafiya. Ya ce ƙwayar cutar guda ce, bakteriya, wani Bature mai suna Yersin ya gano ta a Hong Kong a 1894, amma ƙofa biyu take shigowa. Ta farko ta ƙuma: ƙuma ta sha jinin ɓera mai cutar, ɓeran ya mutu, ta rasa abinci ta dawo kan mutum. Wanda ta ciza sai zazzaɓi ya rufe shi, kaluluwa ta fito mashi a matsematsi ko hammata ko wuya, mai zafi da ba ya iya taɓawa. Wannan ba ta cika tsallakawa daga mutum zuwa mutum ba, kuma ko ba magani wasu na tashi, ko da yake tana kashe kashi 30 zuwa 60 cikin ɗari. Ta biyu ita ce in ƙwayar ta kai huhu. Daga nan ba ta bukatar ɓera ko ƙuma, tari kawai ya isa, ga wanda ke kusa kamar mita biyu. Ita wannan in ba magani ba ta barin kowa. "Amma Alhaji," in ji shi, "wanda bai fara tari ba ba ya ba kowa. Kai yanzu ba majinyaci ba ne, wanda ya kusanci majinyaci ne. Iyalinka mun rubuta su ne don in abu ya canza kada mu fara nema daga farko."

Aka ba ni doksisaikilin, ɗan'uwan kafson nan mai ja da ruwan ɗorawa da kowa ya sani, miligiram 100 safe da yamma har kwana bakwai. A sha da ruwa cikakken kofi, kada a kwanta nan take, kada a haɗa da madara ko nono sai an ba da tazara. Wannan ta ƙarshe ta fi ci mani rai, don ni mutum ne da ba ya wuce furar azahar. Ya bar mani ma'aunin zafi da takarda mai gidaje goma sha huɗu, in auna safe da yamma in rubuta. In ya kai 38, ko tari, ko ciwon ƙirji, ko kaluluwa, in kira shi ko ƙarfe nawa ne. Ya ce doka ba ta ce a kulle ni ba tunda ba alama, amma in zan ji shawararshi in koma ɗakin zaure, in raba kwano da buta, in haƙura da masallaci da kasuwa. A ƙa'ida daga ranar Litinin ake ƙirga kwana bakwai, su kuwa suka ce tunda sai Alhamis na fara magani, a bi kwanakin maganin. Kafin ya hau babur ya ce mani rahoton zai kai jiha a ranar, jiha ta tura Abuja wajen NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, don ɗa'un na cikin cututtukan da ko zargin mutum ɗaya ba a jira rahoton mako.

Ɗakin zaure a gidanmu na baƙi ne, tagarshi ɗaya tana kallon lungu. Ban san yawan mutanen da ke zuwa yi mani sannu da zuwa ba sai da ya zama dole a mayar da su. Ƙanena ya zauna a dakali yana cewa Alhaji na hutawa, likita ya hana shi ganin mutane. Ina jin su ta taga. Wani ya ce Allah ya sawwaƙe, wani ya ce to a gaishe shi, wani kuwa ya yi ƙasa da murya ya ce halan dai tsarabar ce ba a son rabawa.

Mafi wuya ita ce Inna. Tana Daura, kuma tun da na fara tafiye-tafiye ban taɓa kwana biyu da dawowa ban je na durƙusa gabanta ba. Na kira ta na ce aiki ya riƙe ni. Ta ce: "Kai ɗan nan, mi kake ɓoye mani? Muryarka ba ta mai aiki ba ce." Sai na faɗa mata. Ta ce gobe tana tafe. Na yi ta roƙo, na haɗa ta da Allah, na ce in ta zo ma ba za a bari ta shigo ɗakin ba. A ƙarshe ta haƙura, amma washegari sai ga ɗan aike da galan na rubutu da ƙullin habbatus sauda. Na tambayi jami'in, ya yi dariya ya ce in sha rubutuna, ƙwayar dai kada in tsallake ko ɗaya.

Ranar Juma'a na ji ana ta wucewa zuwa masallaci, ƙamshin turare na shigowa ta taga. Bayan an sauko limamin unguwarmu ya zo, don ya lura ba ni a sahu tun asuba. Shi ban ɓoye mashi ba. Ya tsaya daga bakin zaure, ni daga ciki, na yi mashi tambayar da ta hana ni barci: Malam, hadisi ya ce in kun ji labarin ɗa'un a wata ƙasa kada ku shige ta, in kuma ta ɓarke kuna ciki kada ku fita don gudunta. Ni na ji labari na shiga, ta kuma ɓarke na fito. Ina matsayina?

Bai yi mani sassauci a kan shigar ba. Ya ce wannan kuskure ne, in yi istigfari. Fitar kuwa, ya ce tunda ranar tafiyata ce da ma, ba gudu na yi ba, da sauƙi. Sa'an nan ya ba ni labarin Sayyadina Umar, lokacin da ya nufi Sham ya iso Sarg aka tare shi da labarin annoba, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce mashi gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ita ce annobar Amwas, wadda shi Abu Ubaida ya rasu a cikinta, da Mu'azu ɗan Jabal. Liman ya ce: "Hikimar hana fita ita ce kada ka kai wa wasu. To ka riga ka fito. Abin da ya rage maka shi ne wannan ɗakin. Zauna cikinshi, sallarka a nan ta fi maka sahun gaba."

Kafin Asabar labari ya zaga, kuma ya zaga a karkace. Babur ɗin jami'in da ke zuwa kullum da safe, da takunkumin da wani yaro ya hango, sun isa. Aka ce Ebola na kwaso. Wasu suka ce cutar ƙyandar biri ce, don a daidai lokacin ake ta maganarta a Bayelsa. Mai ruwa ya daina shigo da kura lungunmu, sai ƙanena ya riƙa tarbo shi a bakin titi. Maƙwabciya ta hana yaranta zuwa islamiyya tare da nawa. Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Yanzu da na huce, na san in da ni ne a wancan gefen katangar, abin da zan yi ke nan.

Daren Lahadi ƙaramar ɗiyar nan tawa ta yi zafi. Uwarta ta zo bakin ƙofa tana magana muryarta na rawa, na miƙa mata ma'aunin ta ƙasan labule, ya nuna 39. Ban san lokacin da na kira jami'in ba, ƙarfe ɗaya saura. Ya fara da tambayata ni: nawa naka ya nuna da yamma, ka yi tari ko sau ɗaya? Na ce 36 da ɗigo 8, ba tari. Ya ce to ba daga gare ka ba ne, amma ga ni nan. Ya zo da abin gwajin maleriya, ya soki yatsarta a tsakar gida da hasken tocilar waya, muka jira minti goma sha biyar da suka fi mani tafiyar Addis zuwa Kano tsawo. Layi biyu suka fito. Watan Oktoba ne, ƙarshen damina, sauro ya cika gari, rabin yaran unguwa haka suke. Ban taɓa zaton zan yi hamdala don an ce ɗiyata na da maleriya ba. Ya rubuta mata magani, ya kuma sa ta cikin waɗanda zai riƙa aunawa kullum, ya tafi wajen ƙarfe biyu. Na miƙa mashi kuɗin mai ta hannun ƙanena, ya ce in bari sai an gama.

Washegari uwargida ta tashi da yaƙin ɓeraye. Lokacin kaka ne, an kawo mana gero da wake daga gona, ɗakin ajiya ya cika, ta aika a sawo guba. Jami'in ya iske ana shirin zubawa. Ya ce mata a nan ba ɗa'un a jikin ɓerayenmu da aka sani, abin da ya fi damunsu da ɓera a ƙasar nan zazzaɓin Lassa ne, wanda ke bi ta fitsari da kashin ɓera a abinci, don haka ta rufe hatsi da kwanoni ta toshe ramuka. Amma ya ƙara da wani abu da ya ba ni mamaki: a inda ake ɗa'un, ba a fara kashe ɓera sai an fara kashe ƙuma da feshi, don in ɓeraye suka mutu rana ɗaya, duk ƙumar da ke jikinsu kan mutane za ta koma. Sai na tuna masu feshin da na riƙa gani a kasuwar Analakely ta Antananarivo, ina cewa a raina su bar ɓeraye suna yawo suna fesa ƙasa.

Sauran kwanakin a waya na cinye su, ina bin labarin Madagaska kamar mai bin sakamakon zaɓe. A nan na karanta yadda ta faro: wani mutum ɗan shekara 31 ya taso daga yankin Ankazobe a ƙarshen Agusta da zazzaɓin da ya ɗauka maleriya ce, ya shiga motar haya zai je Toamasina ta babban birni, ya rasu a hanya. Motar haya, irin wadda na shigo daga Kano, gwiwa na gugar gwiwa, gilashi a rufe saboda ƙura. Na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta kai magani kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ta sa ƙasashe tara na kusa da masu jirage zuwa can su shirya, ciki har da Habasha da Kenya da Afirka ta Kudu, amma ba ta ce a rufe iyaka ko a hana tafiya ba, ta ce hatsarin ga matafiyi kaɗan ne. Da farko na ga kamar sakaci ne. Da na sake tunani na ga gaskiyarsu: Baturen da ya je kallon namun daji ya kwana a otal, da wuya ya haɗa numfashi da mai tari. Irinmu ne ke cikin hatsari, masu shiga lungu, masu kwana a masaukin ɗan'uwa, masu hawa motar dare, masu zuwa gaisuwar mutuwa da wankan gawa don zumunci. Ba kuma allurar rigakafi da za a yi maka kafin ka tashi kamar ta shawara. Abin da ke hannunka shi ne man korar ƙwari a ƙafa, nisantar mushe da gawa da mai tari, da gaggawar faɗin inda ka fito in jikinka ya yi zafi.

Maganar gawa ta tsaya mani a rai dare ɗaya. Na karanta cewa a can ma'aikata ke binne wanda cutar ta kashe, ba a ba dangi, kuma ana ta rigima a kan haka. Na kwanta ina lissafin wa zai yi mani wanka in ta tashi, ko za a bari a yi mani salla a ƙofar gida. Na tashi na auna zafi ƙarfe uku na dare, ba lokacin awo ba, 36 da ɗigo 6. Ban rubuta shi a takarda ba don kunya.

Daga baya, da ƙura ta lafa a ƙarshen Nuwamba, alƙaluman da aka fitar sun nuna mutum 2,417 ne aka lissafa tsakanin Agusta da Nuwamba, 209 suka rasu, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu ta huhu ce. An bi sawun sama da mutum 7,000 da suka kusanci masu cutar aka ba su magani irin nawa. Ba a tabbatar ta tsallaka wata ƙasa ba. Ko mutumin da aka zarga a tsibirin Seshel, wanda labarinshi ya tsorata ni ina ɗakin zaure, gwajin ƙarshe a Faris ya nuna ba ita ba ce. Ban sani ba ko ina cikin dubu bakwan nan ko lissafina daban yake, a wata takarda a wani ofis a nan Katsina.

Ranar Alhamis ta biyu jami'in ya zo ba takunkumi. Ya karɓi takardar, ya bi gidaje goma sha huɗun da biro ɗaya bayan ɗaya, ya ƙirga fankon ƙwayoyin, ya sa hannu, ya ce in sa nawa. Sa'an nan ya miƙo mani hannu muka gaisa, a bakin ƙofa, a fili, ya kuma daɗe bai saki ba. Sai daga baya na gane da gangan ya yi, don mai shayin lungunmu da mutum huɗu a bencinshi suna kallo. Kuɗin man da ya ce a bari sai an gama, da aka gama ma ƙi ya yi. Ma'aunin zafin kawai ya ce in mayar mashi, guda uku gare shi kuma akwai masu ƙyanda a wani ƙauye.

Da la'asar na kama hanyar Daura. Muna wajen Mashi waya ta yi ƙara, lambar Madagaska. Gabana ya faɗi, na ce wa direba ya rage rediyo. Mai masaukina ne. Ya ce dillalin ya tashi, an sallame shi, ya rame kamar sillen kara amma yana tafiya da ƙafarshi. Ya ce a gaishe ni, a kuma ba ni haƙuri. Sa'an nan ya ce a tuna mani akwai ragowar la'adarshi ta tomalin ɗin nan da ban cika ba.